Allurar Aro

Mafarkin da na yi yau da asuba daga cikin firij ɗinmu ya fara.

Akwai dalili. Kwana uku ke nan wata allura tana kwance a cikinsa, tsakanin gwangwanin tumatir da robar zoɓo, a naɗe cikin baƙar leda. Allurar rage ƙiba ce, irin wadda ake yi sau ɗaya a mako. Ta Hajiya Kubura ce, aminiyar Innata. Wata bakwai likitanta ya yi yana ƙara mata ƙarfin maganin kaɗan-kaɗan har ta kai matakin ƙarshe, ta sauke kilo goma sha tara, yanzu tana hawa bene ba ta dafa bango. Da ta ga gwiwoyin Inna sun kai ga sai a zaune take salla, sai ta kawo mata guda daga cikin nata, ta ce ranar Laraba da hantsi za ta zo ta yi mata da hannunta. Jiya Talata.

Shekara biyar na yi a jami'a ina karanta harhaɗa magunguna. Na san ba a fara wannan allura daga matakin ƙarshe. Na san Inna tana shan ƙwayar ciwon suga, kuma bara waccan an kwantar da ita saboda tsakuwa a maɗaciya. Na san abin da zai iya biyo baya: amai ba tsayawa, jiki ya bushe, suga ya faɗi. Kwana uku ina buɗe firij, in kalli ledar, in ɗauki ruwa, in rufe.

Ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. Haka ta taso ta ga ana yi a garinsu, haka take yi. Da can ƙanwata Zinatu take ba saƙo ta gaya mini, ko da muna zaune a tabarma ɗaya. Tun da aka kai Zinatu ɗakin mijinta a Misau muka rage mu biyu a gidan, sai ta koma gaya wa ƙofa, ko buta, ko fanka: "A zo a ci abinci." Ni kuma tun da nake ban taɓa ce mata ga abin da ya kamata ta yi ba. Da wannan na kwanta.

Na buɗe firij ɗin, sai na tarar ba shi da baya. Hanya ce ta jar ƙasa, rana tsaka, tumatir sun yi layi a gefe suna jiran mota. Na sunkuya na shiga. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne na bar ƙofar a buɗe, kuma Inna ba ta son haka.

Tana gabana, tana tafiya. Takalmin Hajiya Kubura ne a ƙafarta, ya yi mata kaɗan, dunduniyarta tana taka ƙasa. Ta yi gammo ta ɗora allurar a ka, ta yi tsawo ta kai taɓarya. Duk taku goma sai ta tsaya ta dafa gwiwa, kuma duk sanda ta tsaya itatuwan gefen hanya sai su zauna su jira ta. Na so in karɓar mata kayan. Na bi ta a baya kawai, kamar kullum.

A garin nan inuwa ce take riga mutum zuwa ta kama masa layi. Ta Inna ta tafi tun da sassafe. Tawa tana bayana, ta ƙi wucewa gaba.

Asibitin a tsakiyar kasuwar hatsi yake. Ba shi da rufi, amma akwai fankoki a rataye, ban ga abin da ya riƙe su ba. Muka zauna a benci kusa da wani dattijo mai jar hula, jikinsa ya cinye rabin bencin, inuwarsa kuma a ƙasa siririya kamar zare.

"Sannu, Malam," in ji Inna. "Ya jikin?"

"Jikin yana nan yadda yake. Maganin matata na sha, sai inuwar ta rame."

"Ai sai ka daina."

"Saura kwalba biyu, Hajiya. Ba a zubar da magani."

Inna ta gyaɗa kai. Ta fahimci wannan.

Can gefe wata mata tana ta magana, ba a jin komai. Aka ce ta yayarta ta sha, muryar ce ta zube. Kusa da ita wani malamin makaranta yana sunkuyawa yana ɗaukar zobensa, ya sa, ya faɗi, ya sake ɗauka. Yatsunsa kaɗai suka ragu. Babu mai dariya. Kowa yana riƙe da ledar wani.

"Ƙawata, kin iso?"

Daga sama muryar ta zo. Hajiya Kubura ce, ta yi rashin nauyin da ƙasa ba ta riƙe ta. An ɗaure ƙafarta da igiyar guga a jikin turmi, tana lilo a saman kawunanmu, mayafinta yana kaɗawa. Fuskarta cike da fara'a, kamar ranar da ta kawo ledar.

"Miƙo cinyar mu gama, ina da gidan suna."

"A bari a kira mu tukuna," in ji Inna.

"Wane kira kuma? Jikin ai duk ɗaya ne, nama ne da jini. Anko nawa muka yi tare ni da ke? Turarenmu ɗaya, mai kitsonmu ɗaya. Abin da ya yi mini zai yi miki." Ta leƙo ni. "'Yar boko, gaya mata mana. Ba ke kika yi karatun ba?"

Na buɗe baki. Duk shekaru biyar ɗin suna nan a maƙogwarona, a jere.

"Ina wuni, Hajiya," na ce.

"Lafiya lau. Kin ji ko? Ita ma ta yarda."

Sai ga mu a gaban teburin yankar kati. Zabuwa ce a zaune, da tabarau, tana rubutu da baki.

"Sunan mara lafiya."

"Hansatu Isiyaku."

"Wa ya rako ki?"

Inna ta ɗaga kai ta kalli fanka. "Yarinyar gidanmu ce."

"Sunanta."

Inna ta gyara mayafi. "A rubuta yarinya."

"Yarinya ba suna ba ne. Muna da su dubu huɗu a wannan littafin."

"Barira," na ce.

Zabuwar ba ta ko ɗago ba. Ta ci gaba da yi wa Inna bayani cikin haƙuri, irin na ma'aikacin da ya faɗi abu ɗaya sau ɗari. A wannan asibiti, in ji ta, ba a jin muryar wanda mara lafiya bai ambaci sunansa ba. Zan iya shiga, amma a matsayin kaya. Ta ɗaura mini 'yar takarda a wuyan hannu, irin wadda ake ɗaura wa jaka a tasha. Na duba, an rubuta: guda ɗaya, ba ya fashewa.

Likitar tsohuwar raƙuma ce. Ta gurfana a bayan tebur, an yafa mata farar riga a kan tozo, tana tuƙa a hankali. Ta daɗe tana kallon Inna, ba irin kallon da mutane suke yi mata a biki ba, wanda yake farawa daga ƙugu.

"Zauna, Hansatu. Ni ma a wuri ɗaya nake tara nawa, kuma ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Wace irin yunwa kika kawo?"

"Yunwa ai yunwa ce, likita."

Raƙumar ta miƙa wuya ta ja labulen bayanta. Garke ne, amma ba na dabbobi ba. A turken farko wani kurman tsoho ne zaune a kan wani ƙaton kai, ana ce masa ciki ya cika, yana cewa a ƙara ɗaga murya. Na biyu kyanwa ce: a kore ta ta ƙofa, kafin hannu ya bushe ta dawo ta taga. Can gaba babu kowa, sai wani murhu da wutarsa take ci da ƙyar, duk abin da aka ɗora masa yana nan yadda aka ɗora shi. A lungu kuma akwai wata da ban ga fuskarta ba. Ta juya wa kowa baya, tana kallon bango, ba ta ko waiwayar abinci. Sai an ambaci sunan wani take miƙa hannu.

Na daɗe ina kallon bayan wannan ta lungun. Ɗaurin ɗankwalinta na sani.

"Kowace da abin da take ji," in ji likitar. "Wata allura, wata ƙwaya, wata ba ko ɗaya. In an dace da maganin ma, sai an dace da awonsa, kuma awo daga ƙasa yake farawa. Idan na ba kurma abin da aka haɗa wa kyanwa, kurman zai ci gaba da cin abincinsa, mai shi ne zai kwanta. Wacce ce taki?"

"Ni fa, likita, ba na cin komai. Ruwa ma in na sha jiki yake zama."

"Kowa haka yake cewa. Shi ya sa muka daina tambayar mutane. A shigo da kwanonta."

Agwagi biyu masu fararen huluna suka turo gadon marasa lafiya. Kwanon Inna ne a kai, ɗan koren nan mai ɓantararren baki, an lulluɓe shi zuwa wuya. Aka ɗaga murfinsa, ya yi gyaran murya.

"Malmala ɗaya da rana," ya ce. "Rabi da yamma. In nama ya faɗo cikina, tsincewa take yi ta mayar tukunya. Da safe ba ta taɓa ni sam. Shekara goma sha ɗaya ina tare da ita, ban taɓa cika ba."

Raƙumar ta daina tuƙa.

"Ba ta yi ƙarya ba," ta ce. Ta duba takardar gabanta, babu komai a kai. "To in haka ne ba mu san komai a kanta ba. Wanda kuwa ba a san komai a kansa ba, dokar asibiti ta ce a yi masa maganin wanda ya fi kusa da shi. A jawo Kubura."

Agwagin suka kama igiyar suka fara ja. A bango akwai agogo, hannayensa ludayi biyu ne, kuma na san ba tare da an gaya mini ba cewa in suka haɗu hantsi ya yi.

Na yi magana. Na faɗi sunan ƙwayar da Inna take sha, da awonta. Na faɗi watan da aka kwantar da ita, da gadon da ta kwanta. Na ce a auna jininta tukuna. Kowace kalma tana fita daga bakina sai ta faɗi ƙasa ta zama tsabar gero. Zabuwar ta shigo ta tsince su tas, ta koma teburinta.

Amma akwai abin da ban faɗa ba, ko a cikin geron.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Abba. Yana da kwanonsa, babba, fari, mai jan fure a murfi. Har yau shi Inna take fara zuba wa: malmala uku, da tsokar da ta fi kyau. Ta rufe, ta ajiye a kan ɗan teburin da yake gefen kujerarsa. Shekarar farko na ɗauka sadaka take bayarwa. Wata rana da la'asar na zo wucewa ta tagar sito, sai na gan ta zaune a kan buhun masara, ta ba ƙofa baya, kwanon a cinyarta. Tuwon ya huce. Tana ci da sauri, ba ruwa, ba kamar mai jin yunwa ba, kamar mai son ta gama wani aiki kafin a shigo. Na koma da sanɗa. Ita take wanke shi da kanta, ba ta taɓa bari ya shiga cikin wanke-wankena ba. Tun daga ranar, da la'asar ta yi sai in ƙara muryar rediyo a ɗakina, don ta ɗauka ba na jin ƙarar murfin.

Wannan shi ne taimakon da na yi mata da karatuna, shekara uku.

Sai ga ni a falonmu. Kujerar Abba tana nan, tabaransa a hannun kujerar. Na ɗaga kwanon, ya ƙi ɗaguwa. Tuwon shekara huɗu ne a ciki. Na durƙusa, na jawo shi kan gwiwa, daga nan zuwa kafaɗa, daga nan zuwa ka. Da na miƙe, ƙafafuna suka nutse cikin siminti har idon sawu.

Haka na bi jar hanyar, ina cire ƙafa ina sakawa. Itatuwa ba su zauna mini ba. Mutane suna wucewa suna gaida kwanon.

"Malam Isiyaku, an dawo?"

"Malam, kwana biyu. Ya iyali?"

Ba wanda ya ga mai ɗauke da shi. Wuyana yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na tuna wannan nauyin Inna take hawa da shi matakala uku na ƙofar gidanmu, kullum, kuma mutane suna ce mata ta rage cin maiƙo.

A bakin asibiti zabuwar ta tare ni da fiffike.

"Kaya ba ya ɗaukar kaya."

Na wuce ta. Tun da aka haife ni ban taɓa wuce wanda yake yi mini magana ba.

Ludayin biyu saura ƙiris su haɗu. Inna tana kan benci, ta ɗan ɗage zani daga gwiwa, ta kawar da kai. Hajiya Kubura tana samanta, ta kama allurar da hannu biyu kamar mai shirin daka, tana cewa ba zafi, kamar cizon sauro ne. Na ratsa tsakaninsu na sauke kwanon a kan sikeli. Sikelin ya yi nishi, ya durƙusa.

Inna ta ga jan furen. Ta saki zanin, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"A mayar da wannan inda aka ɗauko shi," ta gaya wa fanka.

"Na wane ne?" in ji raƙumar.

Murfin ya ɗaga kansa kaɗan, ya tsaya a karkace. Muryar da ta fito ta Abba ce, a hankali, yadda yake magana in ya dawo daga masallaci ya tarar muna barci.

"Hansatu."

"Na'am, Malam."

"Na ƙoshi. Tun shekara huɗu na ƙoshi."

"Ba a zubar da abinci, Malam."

"Ban ce ki zubar ba. Ki rage gwangwani ɗaya wajen awo."

Hannun Inna yana murza bakin mayafi.

"In na rage, tukunyar za ta sani," ta ce. "In na auna na mutum biyu, shi ke nan ka tafi."

A bayan labule, wadda take kallon bango ta sauke hannunta.

Raƙumar ta miƙa wuya ta karɓi allurar daga hannun Hajiya Kubura. Ta juya ta, ta duba da ido ɗaya, ta shinshina.

"Wannan Kubura aka auna aka haɗa ta. Wata bakwai aka yi ana saba mata da ita. Ba ta san Hansatu ba."

"Ni dai alheri na yi nufi," in ji Hajiya Kubura. Muryarta ta yi ƙasa, ita ma ta ɗan sauko.

"Mun sani. Yawancin waɗanda kika gani a kan layi alheri ne ya kawo su."

Daga nan likitar ta juya ga Inna, ta yi mata magana dalla-dalla. Za a ɗebi jininta. Za ta kawo ƙwayoyin suganta a gani, da tsohon katinta na waccan kwanciyar. Bayan haka ne za a san ko allura ce ta dace da ita ko wani abu daban. In allurar ce, za a fara da awon da bai fi ƙwayar gero ba, a jira, a ga yadda jikin ya karɓa, sannan a ƙara ko a fasa. Ita kuma waccan ta lungu, allura ba ta isa inda take zaune. Sai an sami mai zama da ita da la'asar.

"Amma ba na rubuta komai sai da mai lura," ta ce. "Wanda zai ga abin da ba a faɗa ba, ya zo ya faɗa. Duk wanda ya san da kwano na biyu, shi ne. Wa ya kawo shi?"

"Kaya ne suka kawo," in ji zabuwar daga bakin ƙofa.

"Ba ke na tambaya ba. Hansatu, wa ya kawo shi?"

Inna ta kalli fanka. Fankar ta tsinke daga inda take, ta tashi sama kamar shirwa, ta tafi. Ta juya ga ƙofa. Ƙofar ta cire kanta daga bango, ta yi sallama, ta fita. Akwai buta a gindin tebur, Inna ta sunkuyar da kai gare ta, butar ta mirgina ta bi bayan ƙofar. Tebur ya tafi, agogo ya tafi da ludayinsa, agwagi suka tura gadon suka fice. Bango huɗu suka ja da baya har suka ɓace. Ba abin da ya rage a filin da za a gaya wa magana, sai ni, da takarda a wuyan hannu.

Ta juyo. Ban taɓa ganin idanunta daga gaba ba. Ashe akwai ɗan tabo a ƙasan na hagu, irin nawa.

Ta haɗa leɓɓanta, ta ja numfashi. Abin da ya fito ba sunana ba ne. Wata 'yar ƙara ce, ta roba da ta rabu da ƙarfe, sannan kwalabe suka gogi juna.

Ƙofar firij ce.

Na buɗe ido. Rana ta riga ta hau tagar ɗakina, barci ya kwashe ni a kan dardumar asuba. Daga kicin na ji motsin leda.

Ban nemi ɗankwali ba. Na tarar da Inna a tsaye, hannu ɗaya ya dafa saman firij saboda gwiwa, ɗayan yana riƙe da baƙar ledar. Hajiya Kubura ta ce a fito da ita ta sha iska kafin ta iso.

"Inna, kada a yi wannan allurar."

Muryata ta fito. Ba ta faɗi ƙasa ba.

Inna ta ci gaba da kallon cikin firij. "Da wa ake magana?" ta tambayi robar zoɓo.

"Da ke, Inna. Ta fi ƙarfinki, ba don ke aka auna ta ba. Ga maganin suganki, ga maɗaciyar. Za ta iya kwantar da ke. Mu je asibiti yau, mu tafi da ƙwayoyinki da tsohon kati, a duba a ba ki naki." Na matsa kusa da ita. "Kuma sai an gaya wa likita batun kwanon Abba. In ba za ki iya ba, ni zan faɗa."

Firij ɗin yana ta gurnani, sanyinsa yana zubo mana a ƙafa. A ƙofar gida aka buga ƙarfe sau uku, muryar Hajiya Kubura ta yi sallama, tana cewa a yi sauri tana da gidan suna.

Inna ta tura ƙofar firij ta rufe. Ta juyo. Tabon yana nan a ƙasan idonta na hagu.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara uku."

"Shi ya sa rediyon."

"Eh."

Ta kama hannuna, ta juya tafin sama, ta sa ledar a ciki, ta rufe yatsuna a kai. Da sanyinta.

"Je ki buɗe mata," ta ce. "Ke za ki yi mata bayani, ni ba zan iya ba. In kin dawo ki duba mini katin, yana ƙarƙashin kwanon."